Jiki Ya Fi Kunne Ji: Tsohon Soja Kurma da Labarin So da Fargaba a Hausa

Kaduna garin soja ne tun asalinsa. Kafin a ɗauke hedkwatar Jihar Arewa daga Zungeru a kawo ta nan a 1917, soja ne suka riga ma'aikata sauka, suka kafa bariki. A 1964 aka buɗe makarantar horar da hafsoshi, ga kuma babban asibitin nan da kowa ya sani da sunan Asibitin 44, inda aka yi ta kawo waɗanda suka ji rauni a yaƙin Arewa maso Gabas, wanda ya tashi a 2009. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya bi ta Unguwar Mu'azu ko Tudun Wada da la'asar, ya tarar da wani dattijo wanda ya daɗe da ajiye kaki yana zaune a ƙofar gida, a yi masa sallama sau biyu bai amsa ba, sai an zagayo ta gabansa. Mutanen unguwa su kan ce tsufa ne, waɗansu kuwa su ce girman kai ne irin na soja. Sau da yawa igwa ce ta ci kunnen tun yana saurayi.

A cikin waɗannan unguwanni ne kuma 'yan mata da matan aure suke karanta littattafan soyayya, da can a hannun masu ba da haya, yanzu kuwa galibi a cikin waya. A ƙasashen Turawa akwai wani reshe na irin waɗannan littattafai wanda ake tufka igiya biyu a cikinsa, watau so da fargaba: ana neman aure, ana kuma neman ran wani a lokaci guda. Daga cikinsu har akwai waɗanda gogan labarin soja ne da ya komo daga yaƙi ba ya ji. Nufin wannan takarda shi ne a ɗauki wannan mutum a gwada shi da littattafan Hausa waɗanda kowane malamin makarantar horon malamai ya sani, a ga irin mazaunin da suka tanadar masa, sa'an nan a duba abin da harshen Hausa kansa zai yi masa in an sa shi a tsakiyar labari.

Tsohon mayaƙi ba baƙo ba ne a rubutun Hausa, gama da shi aka buɗe ƙofa. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Dokta R. M. East ya shirya a Zariya a 1933 akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda gogansa ya ga zamanin da Turawa suka ci Bida da Kwantagora a 1901, ya ƙi miƙa wuya, ya nausa gabas shi da ɗansa Garba Gagare har ya faɗa ƙasashen aljannu, daga baya ya komo ya tarar duniya ta sake. Abin lura shi ne Ganɗoki da bakinsa yake ba da labarin. Da kirari ya tafi, da kirari ya komo. Sara da suka sun cika littafin, amma jikin abokan gaba suke ci. Abin da yaƙi ya raba shi da shi ƙasa ce da zamani, jikinsa kuwa yana nan yadda yake. Ba a ga laifin Malam Bello ba a kan wannan, domin daga rijiyar kirarin mazaje ya ɗebo, inda ɗan tauri ƙarfe ba ya kama shi. Sai dai ya bar wa na baya wani ma'auni mai wuyar kaucewa, cewa jarumi ko dai ya komo cikakke, ko kuwa a ji labarin kabarinsa.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda tushensa labarin wani gwarzon Rasha ne mai suna Iliya Muromets, ya ƙara ƙarfafa wannan ma'auni ta wata fuska. Iliya ya tashi ba ya iya tafiya, kuma sai da aka warkar da shi ta hanyar da ta fi ƙarfin hankali sa'an nan jaruntakarsa ta soma. Watau nakasa zaure ce kawai, a ratsa ta a shiga gida. Yaron da ya karanta wannan a aji ya koyi abu guda ba tare da an faɗa masa ba: mai lahani ba ya zama gwarzo sai ya rabu da lahaninsa.

Ta wajen so da fargaba kuwa, Jiki Magayi na John Tafida da East shi ne kakan gida. Abubakar yana son Zainabu, attajiri Malam Shehu ya sa dukiya ya raba su, Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, masifar ta sauka a kan yaron da aka haifa, Kyauta, har ya zama ajalin ubansa. Ƙarfin littafin nan yana wuri ɗaya, shi ne mai karatu ya san abin da ke tafe, Malam Shehu kuwa bai sani ba. Duk fargabar da ke cikin ƙagaggen labari daga nan take fitowa, daga tazarar da ke tsakanin sanin mai karatu da sanin wanda ake ba da labarinsa. A riƙe wannan, za a komo gare shi.

Dubban 'yan Arewa sun je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, tsakanin 1943 da 1945, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta cika shafukanta da labarin yaƙin. Amma sai bayan yaƙin basasa, wanda aka yi daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, tsohon soja irin na zamani ya tsaya da ƙafafunsa a tsakiyar wani babban littafin Hausa. Yaƙin nan ya kumbura sojan Nijeriya daga wajen mutum 10,000 zuwa wajen 250,000, da aka gama kuwa sai tambaya ta tashi, ina za a kai waɗannan samari da aka koya wa kisa? Bature Gagare ne ya ɗauki tambayar a Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda ya fito a 1982 daga gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello. Gogansa Mailoma, Bamaguje, ya fito daga yaƙi ya tara irinsa ya kafa ƙungiyar ta'adda, aka shiga kashe-kashe da harkar ƙwaya, har abin ya kai inda sunan littafin ya riga ya faɗa.

Lalle littafin nan ya cancanci yabon da masana suka yi masa. Shi ne ya fitar da labarin Hausa daga dajin aljannu ya jefa shi kan kwalta, ya kuma yarda cewa yaƙi ba ya ƙarewa ranar da aka ajiye makami, gida yake biyo mutum. Saurin tafiyarsa da yawan mutanen da ke cikinsa ba su da na biyu a zamaninsa. Amma ga inda ya tsaya. Ɓarnar da yaƙi ya yi wa Mailoma a halinsa take, mai karatu kuwa tsoronsa yake ji. Ana kallonsa ne kamar yadda ake kallon gobara daga tsallaken titi. Ganɗoki ya komo da baki, Mailoma ya komo da bindiga, su biyun kuma masu ƙarfi ne, duniya ce take kaffa-kaffa da su. Wanda ya komo da rauni, wanda shi ne yake kaffa-kaffa da duniya, watau dattijon nan na ƙofar gida sa'ad da yake ɗan shekara ashirin da biyar, ba shi ne waɗannan littattafai suka zo nunawa ba. So kuma ba shi ne ginshiƙin littafin Gagare ba, don haka bai gwada abin da zai faru ba in mutumin da yaƙi ya taɓa ya tsaya gaban mace yana neman ta yarda da shi.

Wannan fage na marubutan soyayya ne. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, da ɗimbin littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu, abin da ke hana aure kusan kullum daga waje yake zuwa: talauci, ko iyaye, ko bambancin asali, ko kishiya. Saurayin kansa lafiyayye ne, kuma babban makaminsa harshe. Da daɗin baki yake cin yaƙinsa, da kunne kuma yake karɓar ladansa sa'ad da budurwa ta furta abin da ya daɗe yana jira. To, in aka cire kunnen nan, me ya rage na littafin? Wannan ita ce tambayar da ta sa kurman soja ya zama abin gwaji mai kyau ga wannan irin rubutu.

Kafin a amsa, wajibi ne a tsaya a kan kalmar ji, domin a nan Hausa ta bambanta da Turanci ƙwarai. Bature yana da kalma dabam ta sauraro, da ta taɓawa, da ta ɗanɗano, da ta fahimta. Bahaushe ya tara su duka cikin harafi biyu. Da ji ake jin magana, da shi ake jin zafi da sanyi, da jin ƙanshi, da jin daɗi, da jin tsoro, da jin kunya, da jin ƙai. Wanda ya iya harshe an ce yana jin Hausa. Yaron kirki an ce yana jin magana. Saboda haka in aka ce wane ba ya ji, maganar ta rabu biyu tun ba a rufe baki ba: ko kurma ne, ko kuwa gagararre ne. Ga kunnen ƙashi, ga kunnen uwar shegu, dukansu zargi ne. Harshen da kansa ya riga ya sa kurma a sahun masu taurin kai, shi ya sa mutanen unguwa suke fassara shirun dattijon nan da girman kai. Marubucin Turanci sai ya yi wahala kafin ya gina irin wannan rashin fahimta. Marubucin Hausa kuwa a ƙofar ɗakinsa ya tsince ta. Uban yarinya ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba ya ji ba, shi kansa bai tantance wanne yake nufi ba. Yarinyar kuma tana iya amsa masa da cewa yana ji, ta kuwa faɗi gaskiya, ko da yake ba abin da aka tambaye ta ke nan ba.

Sa'an nan sai marubuci ya san yadda kurumtar yaƙi take, gama a nan ne mafi yawan masu gwadawa za su yi tuntuɓe. Ƙarar bam tana iya fasa fatar dodon kunne, wannan kuwa sau da yawa ya kan warke. Abin da ba ya warkewa shi ne 'yan ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda suke juya motsin iska ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. In sun mutu ba sa sake tsirowa. Siraran sautuka su ne ke fara tafiya, irin su sa da sha da fa da tsa, a bar mutum da kaurin murya kawai. Sai ya zama yana jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomi, muryar mata da ta yara kuma ta fi ɓace masa a kan ta maza. Mai harbi da hannun dama kunnensa na hagu ya kan riga lalacewa, domin shi ne ya fi fuskantar bakin bindiga. Wanda kunnensa ɗaya ya mutu kuwa ba ya sanin ta inda ƙara ta fito. Bugu da ƙari, yawancinsu ba shiru suke ciki ba. Akwai wani amo da ba ya yankewa dare da rana, kamar kukan gyare ko ƙugin injin niƙa, kuma a Amurka wannan amo shi ne kan gaba cikin lahanin da ake biyan tsofaffin soja diyya a kansa. Marubucin da ya rubuta cewa duniya ta yi wa gogansa tsit, ya nuna bai taɓa zama da irin mutumin ba.

Yanzu a kai shi zance. A ce gidan yana wani lungu na Unguwar Mu'azu, an idar da sallar isha'i, an aika yaro ya yi sallama da yarinya, an kuma ɗauke wuta. Mutumin da ya kurumce da girmansa bakin mutane yake karantawa, duhu kuwa a wurinsa daidai yake da a toshe wa mai ji kunne. Yarinya ta fito, ta tsaya nesa kaɗan kamar yadda tarbiyya ta ce, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Duk abin nan da ta yi alamun kunya ne, su ne kuma abin da littattafan soyayya suka saba yabo a jikin budurwa. Amma kowane ɗaya daga cikinsu ƙofa ce ta rufe masa. Kafin ya san abin da ta ce, sai ta ɗaga kai, ta dube shi ido cikin ido, ta matso inda hasken fitila yake, ta buɗe baki sosai, watau sai ta yi duk abin da za a ce ba ta da kunya in wani ya leƙo. Ga rikici wanda ba attajiri ne ya kawo shi ba, ba kuwa kishiya ba. Daga cikin al'adar zancen kanta ya tsiro. Ranar da yarinyar ta fara juyo da fuskarta wajen haske domin shi, mai karatu ya san ta amsa, ko ba ta furta kome ba. Ba lalle a sami shafi ashirin na kalaman so da za su kai wannan nauyi ba.

Ko da hasken ya samu, Hausa ba ta da sauƙin karantawa a leɓe. Karin sauti, wanda yake rarrabe kalmomi da yawa, a maƙogwaro yake, ido ba ya ganinsa. Ba da ɓa da ma duk rufe leɓe ɗaya ne, don haka bari da ɓari da mari kusan kamarsu ɗaya ga mai kallo. Ka da ƙa da ga can ciki ake yinsu. Ta da da ba su da bambanci a ido, saboda haka tafi da dafi tagwaye ne. Haka kuma sa da za, har ya zama so da zo ba a rarrabe su sai da abin da ke kewaye da su. Malamin da ke koyar da ilmin furuci zai ga cewa darasin da ɗalibai suke hamma a kansa shi ne a nan ya zama maganar rai da mutuwa, ko ta aure da rabuwa. Sai dai a yi hattara, irin wannan dabara gishiri ce. In marubuci ya gina dukan labarinsa a kan kalma guda da aka karanta a karkace, ya koma wasan yara.

Ta wajen fargaba, Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk littafin ban tsoro a kan wannan karin magana yake tafiya ko marubucinsa bai sani ba: motsin sawu a bayan katanga, ƙarar ƙofa, haushin kare, tsayawar babur a waje, kiran da aka yi daga nesa cewa a gudu. An ga a Jiki Magayi cewa fargaba tazara ce tsakanin sanin mai karatu da sanin goga. Da kurman goga tazarar nan ba ta bukatar sammu ko asiri, kullum tana nan. Mai karatu yana jin abin da ke bayan mutumin, shi kuwa yana zaune yana shan shayi. Kuma da yake soja ne, ya fi kowa sanin abin da ya rasa, gama an horar da shi ya rarrabe harbin da ke zuwa da wanda ke tafiya. Irin wannan mutum ba ya zama sai bayansa na jikin bango. Yana duban inuwa, da tashin kaji, da inda idon mutane ya juya. Ƙasa tana gaya masa zuwan babbar mota ta tafin ƙafarsa. A nan karin maganar nan ta jiki ya fi kunne ji, wadda aka saba yi wa yaro mai ƙiriniya barazana da ita, ta sami wata ma'ana sabuwa ba tare da an sake mata ko harafi ba.

Akwai littattafai biyu na waje da suka isa a auna da su, ko da yake ba ɗayansu da gogansa ya haɗa soja da kurumta. Emma Viskic ta Ostareliya ta fitar da Resurrection Bay a 2015, labarin wani mai binciken laifi, Caleb Zelic, wanda sanƙarau ya kurumtar tun yana ɗan shekara biyar. Abin koyi a wurinta shi ne ba ta ba mai karatu abin da Caleb bai samu ba: in rabin magana ya kama, rabin nan ne a kan takarda, sai mai karatu ya yi ta cike gurbi tare da shi, ya gaji tare da shi. Ta kuma sa babban aibinsa ya zama girman kai, domin ya fi son ya yi kuskure da ya ce a maimaita masa, wannan hali kuwa ya taimaka wajen raba shi da matarsa. Wannan hanya ta saɓa wa wadda aka bayyana a sama, inda mai karatu yake jin abin da goga bai ji ba, kuma tilas marubuci ya zaɓi ɗaya ya riƙe. Wanda ya yi ta tsalle tsakaninsu duk sa'ad da ya ga dama, ya yi wa mai karatu zamba. Ɗayan littafin shi ne Deafening na Frances Itani ta Kanada, na 2003, inda matar ce kurma, Grania, mijinta Jim kuwa mai ɗaukar waɗanda suka ji rauni ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ita ta raba kurumta da yaƙi tsakanin mutum biyu. Wanda ya haɗa su a jikin mutum ɗaya ya ɗauki kaya mafi nauyi, gama gogansa ya san daɗin abin da ya rasa, har yana iya tuna sautin ƙarshe da ya ji sosai.

A nan ne kuma bambanci yake tsakanin kurma da bebe, wanda bakin mutane ya kan haɗa. Sojan nan yana magana sarai, sai dai ba ya iya auna ƙarfin muryarsa, ya yi ihu a masallaci ko ya yi raɗa a kasuwa. Ba ya cikin jama'ar bebaye, bai kuwa san harshensu ba. Harshe ne kuwa cikakke. Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta fitar da littafi a 2000 mai suna Maganar Hannu, kuma bebayen Kano suna da sarkinsu kamar yadda makafi suke da nasu. Ban da wannan akwai maganar hannu irin ta makaranta, wadda ta samo asali daga Amurka ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kurma wanda ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Makarantar Tudun Maliki ta Kano kuwa an buɗe ta a 1977. Saboda haka saje mai igiya uku, wanda ya saba ba da oda, in yana son ya sake samun abokan hira sai ya durƙusa gaban wani yaro mai wankin mota ko mai facin taya ya koyi sunan ruwa da na abinci da hannu. Wasannin kwaikwayo da finafinai sun daɗe suna fito da bebe don a yi dariya. Littafin da zai mai da shi malami, sojan kuma ɗalibi, ya juya wannan hoto ba tare da ya yi wa kowa wa'azi ba.

Haɗarin da ya fi girma yana ƙarshen labari, inda inuwar Iliya take jira. Marubucin soyayya ya saba sallamar masoyansa da cikakkiyar ni'ima, don haka hannunsa zai yi ta ƙaiƙayi ya kawo wani likita daga Indiya ko Misira, ko wani hatsarin mota mai albarka, kunne ya buɗe ranar ɗaurin aure. Wanda ya yi haka ya rushe ginin da ya yi, gama ya gaya wa yarinyar cewa juyo da fuskarta da ta yi jinya ce ta ɗan lokaci, ya kuma gaya wa masu irin wannan lahani, waɗanda ba za su warke ba, cewa labarin ba nasu ba ne. Na'urar ƙara ji tana taimako, amma tana ƙara hayaniyar kasuwa tare da muryar mai magana, tana cin batir, tana kuma da tsada ga mai jiran fansho. Haɗari na biyu tausayi ne. In yarinyar ta aure shi don neman lada, littafin ya tashi daga soyayya ya koma sadaka, mai karatu kuwa yana ganewa nan da nan. Maganin wannan yana wurin Gagare, ko da yake shi ya zarce da shi: a bar wa tsohon soja haɗarinsa. A bar shi da zafin rai, da zargin cewa ana yi da shi duk sa'ad da ya ga mutum biyu suna dariya, da hannun da ya kan riga tunani in an dafa shi ta baya ba zato. Macen da za ta tashe shi daga barci sai ta koyi ta inda ake taɓa shi.

Ga malaman da ke karantar da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi da Ƙarshen Alewa Ƙasa, akwai aikin aji da ke fitowa daga wannan duka, mai sauƙin shiryawa. A ɗauki shafi guda daga kowane littafi, a sa ɗalibai su ja layi a ƙarƙashin duk abin da goga ya sani ta hanyar kunne, kirari ne, ko kiran suna, ko ƙarar makami, ko labarin da wani ya kawo masa. Sa'an nan a ce su sake rubuta shafin ba tare da waɗannan ba, kuma ba tare da gogan ya mutu ba. A makarantun Kaduna da wuya a rasa ɗalibi ɗaya a ajin wanda a gidansu akwai mutumin da ba a yi wa magana sai an zagayo ta gabansa, shi ne kuma ya kamata a fara ba alli.